Sikila Da Damuwa: Yadda Ake Shirya Ma Ranar Ciwo Tun Ana Kan Ƙafa

Wanga rubutu na masu sikila ne da masu jinyarsu, amma mai ciwon suga, mai hawan jini, mai sanyin ƙashi, duk dai wanda ciwo ya zauna ma jiki ya ƙi tafiya zai iya tsintar abin da ya dace da shi. Ni ba likita ba ce, mai SS ce, wato sikila, da ke zaune Birnin Kebbi, abin da likitanka ya ce maka shi ne gaba da nawa. Maganata guda ce, ranar da ciwo ya tashi ba ranar tunani ba ce, kai ba ya aiki a lokacin, saboda haka duk shirin da za ka yi sai ka yi shi ranar da kake jin daɗin jikinka.

Bari mu fara da mi ke faruwa cikin jiki, don wanda bai san haka ba gani yake kamar jifansa aka yi. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna yin kamar kwana 120 kafin su mutu, namu kwana 10 zuwa 20 ne, shi ya sa kullum jini ƙasa yake, gajiya kuma ba ta ƙarewa. Sannan in ruwan jiki ya yi ƙasa, ko sanyi ya buge ka, ko zazzaɓi ya shiga, ƙwayoyin sai su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, wurin da jini bai kai ba shi ne ke yin wannan sukar da ba ta misaltuwa. To damuwa ma tana cikin masu tada shi, ba zancen baki ba ne. Idan hankali ya tashi hanyoyin jini suna tsukewa, tsoka ta ɗaure, barci ya gudu, wanda bai yi barci ba kuma ciwo ya fi cinsa washegari, ciwon ya ƙara damuwar, damuwar ta ƙara ciwon, haka za su yi ta miƙa ma juna kai. Ba kai kaɗai ba ne kuma, ƙiyasin da aka daɗe ana kawowa shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu.

Matakin farko, ka sayi littafi irin na 'yan makaranta mai ganye 40 da biro. Duk dare kafin ka kwanta ka rubuta layi ɗaya kawai: kwanan wata, ina ke ciwo, ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10, mi ka yi ranar, ruwa nawa ka sha, wane magani ka haɗiya. Misali, Talata, ƙugu da gwiwar dama, 5, na yi wanki da safe da ruwan randa, fiya wata uku, farasitamol sau biyu. Shi ke nan. Bayan wata biyu ka zauna ka karanta, wallahi za ka ga abin da ba ka taɓa lura da shi ba, wata za ta ga ashe duk kusan al'ada ne yake tashi, wani zai ga kwana biyu bayan hawan kabu-kabu da asuba ne, wani kuma duk ranar da aka yi cacar baki a gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A bangon littafin ka rubuta rukunin jininka, yawan jinin da ka saba zama da shi wato PCV ɗinka na lokacin lafiya, magungunan da kake sha, wanda jikinka ba ya so, da ko an taɓa ƙara maka jini. Wannan shafin ranar da ba ka iya magana shi zai yi maka magana.

Na biyu ruwa. Kowa ya sani, kowa kuma yana wasa da shi. Babban mutum mai sikila ana so ya sha kamar lita uku zuwa huɗu a yini, ledar fiya wata rabin lita ce, ka ga leda shida zuwa takwas ke nan, in kuma Afrilu ce da zafin garin nan ke wuce digiri 40 sai ka ƙara. Kar ka jira ƙishi. Kar kuma farin fitsari ya ruɗe ka, ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, tana zubar da shi ko jiki na bukata, shi ya sa ma yaranmu ke daɗewa suna fitsarin kwance, ba iskanci ba ne, a daina dukansu a daina hana su ruwa da dare. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka ɗaura shan ruwa da salloli, kofi biyu manya bayan kowace salla, sauran ka cike tsakani. Wanda likita ya taƙaita ma ruwa saboda ƙoda ko zuciya, wanga sakin layi ba nasa ba ne.

Sai sanyi da sauro. Lokacin ɗari alwala da wanka da ruwan ɗumi, ka tsane jiki nan take, safa da rigar sanyi tun kafin magariba ba sai haƙora sun fara kaɗawa ba. Da damina kar ka bar jiƙaƙƙun kaya a jikinka ko na minti goma. Masu noman shinkafa a fadama, Argungu ne ko Suru, tsayuwa cikin ruwa da sassafe ba aikin mai sikila ba ne, ka karɓi wani ɓangaren aikin, tsaron buhuna, lissafi, awo, ciniki, duk aiki ne. Gidan sauro kuma kowane dare, don zazzaɓin cizon sauro na cikin manyan abubuwan da ke kai mu gadon asibiti. Folik asid ɗinka kullum, maganin rigakafin maleriya irin su Paludrine in an rubuta maka. Maganin ƙarin jini mai ƙarfe da ake saya a kemis kar ka sha sai an gwada an ce kana bukata, wanda ake yawan ƙara ma jini ƙarfen ma yawa yake masa. In ciwonka na tashi akai-akai ka tambayi likitan jini zancen maganin haidiroksiyuriya, bincike ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi, sai dai yana son gwajin jini lokaci-lokaci, kuma mai ciki ko masu neman haihuwa dole su faɗa ma likita tukun.

Yanzu ga shi ciwo ya fara alama. Yawancinmu muna jin zuwansa, wata kasala, wani tsami a ƙashi, ido ya ƙara rawaya. A nan ne ake cin nasara ko a faɗi, awa ɗaya ta farko. Ka ajiye duk abin da kake yi, ko girki ne a sauke. Ka auna zafin jikinka kafin ka sha komai, don farasitamol yana ɓoye zazzaɓi, ma'aunin zafi kuwa ba shi da tsada, ya kamata a ce kowane gida mai sikila yana da shi. In babu zazzaɓi ka sha ruwa mai ɗumi, ka sha farasitamol, babba ƙwaya biyu masu 500 duk bayan awa shida, kar ta wuce ƙwaya takwas cikin awa 24, yara kuma da nauyinsu ake auna musu. Ka lura da yawa daga magungunan mura akwai farasitamol a ciki, kar ka ninka ba ka sani ba, hanta ke biya. In likitanka ya yarda maka da ibufurofen sai ka ƙara shi bayan ka ci abinci, na 'yan kwanaki kawai, ban da mai olsa, mai matsalar ƙoda ko mai ciki, kuma ba a haɗa shi da diklofenak, dangi ɗaya ne. Wancan haɗin da mai kemis ke ƙulla maka a leda, ja da fari da kore ba suna, ka bar masa abinsa.

Sai gashi. Ka sami gorar ruwa ta roba mai murfi mai kyau, ka zuba ruwan ɗumi ba tafasasshe ba, ka naɗe ta da tawul ko tsohon zani, ka fara ɗora ta a cikin damtsenka ka ji, in ka iya jurewa to ka kara ta inda ke ciwo kamar minti 20, ka huta, ka sake. Mai jinya ya shafa man zafi ko man kaɗe a hankali, shafa ba matsa ba. Ƙanƙara kam haram ga ciwon sikila, tsuke jijiya take. Masu ciwon suga ku yi hattara da gashi a ƙafa, ƙafar da ba ta ji sosai tana ƙonewa mai ita bai sani ba.

Cikin wannan halin numfashi yake guduwa, ka riƙa yinsa sama-sama kana ɗaure jiki, wanda hakan ƙara ciwon yake. Ga yadda za ka yi: kwanta ko ka jingina, hannu ɗaya a ciki, ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu har ka ji cikin ya taso, ka sake ta ta baki a hankali kana ƙirga shida. Fitarwar ta fi shaƙar tsawo, nan sirrin yake, ita ke rage gudun zuciya. Wanda ƙirga ke gundura ya sa zikiri a wurin, ka ja iska shiru, ka fitar da ita da hasbunallahu wa ni'imal wakil, tsawonsa ya yi daidai. Bayan kamar numfashi goma ka bi jikinka daga yatsun ƙafa zuwa sama kana sakin duk inda ka ji a ɗaure, musamman kafaɗa da muƙamuƙi. Ba zan ce maka ciwon zai tafi ba, amma takwas na iya saukowa shida, wanda ya san takwas ya san shida rahama ce. Kuma abin ba ya aiki in ranar ciwo ka fara koyonsa, minti biyar kullum bayan isha'i ranakun lafiya, har jiki ya haddace. In ciwon a baya ne ko haƙarƙari, ka tilasta ma kanka dogon numfashi goma duk awa biyu ko da zafi, yana kare huhu daga toshewa.

Akwai abubuwan da ba a jinyarsu a gida, ka haddace su, mutanen gidanka ma su haddace. Zafin jiki 38 zuwa sama. Ciwon ƙirji, tari ko numfashi da ƙyar. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ta mutu, ko ciwon kai mai tsanani da ba a saba ba. Gani ya dushe farat ɗaya. Tafin hannu da ido sun yi fari fat ga jiri. Cikin yaro ya kumbura ta hagu, saifa ce ke tara jini, wannan minti ma tsada gare shi. Amai da ya hana ruwa zama. Ga maza, gaba ta miƙe da ciwo ta ƙi kwanciya, in ta kai awa biyu a tafi, kunya ta sa da yawa sun kwana da shi sun rasa ƙarfinsu har abada. Sai kuma ciwon da ka yi duk na gida bai sauka ba. A nan Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya, akwai na tarayya, akwai na Kalgo, na Zamfara suna da asibitin tarayya da na Yariman Bakura a Gusau, in abu ya yi girma akan tura mutum asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda ke ƙauye ya san tun yau wane asibiti ne mafi kusa da ke iya ƙarin ruwa da ƙarin jini, ba tsakar dare za a tsaya shawara ba.

Don haka jaka. Ƙaramar jaka guda a rataye bayan ƙofa, cikinta katin asibiti, littafin nan, bargo mara nauyi, caja, tocila, kofi, da kuɗin mota da na allurar farko a ƙulle, kuɗin da ba a taɓawa ko cefane ya yanke. Lambar mai Keke ɗaya da ɗan kabu-kabu ɗaya da ka yi magana da su tun da rana tsaka cewa wata rana za a kira su cikin dare. Da mutum biyu cikin dangi ko abokai da aka riga aka gwada jininsu ya dace da naka. In kun isa ka yi magana a taƙaice, ina da SS, ciwon ya fara ƙarfe kaza, yana takwas cikin goma, na sha kaza ƙarfe kaza, PCV ɗina na kullum kaza ne. Nas ɗin da ke da mutum ashirin a gabanta ta fi saurin taimakon wanda ya ba ta wannan.

Dole in tsaya kan allurar fenta, allurar kashe ciwo mai ƙarfi da jiki ke sabawa da ita. Magani mai ƙarfi a asibiti, a hannun likita, haƙƙinka ne, kar wani ya sa ka ji kamar ɗan ƙwaya don ka ce ciwo bai sauka ba. Amma sayen fenta ana yi a ɗaki, ko tiramol, ko kodin da gwamnati ta hana maganin tarinsa tun 2018, wannan wata hanya ce daban. Farko don ciwo ake yi, daga baya don barci, daga baya don ɓacin rai, cinya ta ƙandare ta yi gyambon da ba ya warkewa, kuɗi su ƙare. Wanda ya riga ya shiga kar ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, ya faɗa ma likitansa gaskiya a sauke shi a hankali, ba shi ne na farko da suka gani ba.

Ranar lafiya ita ma tana da tarkonta. Ka tashi garau sai ka ce bari in rama, wanki, shara, kasuwa, biki, duk rana ɗaya, jibi kana kwance. Ka raba aiki, ka tsaya tun kafin ka gaji. Minti 30 na aiki, goma na zama da ruwa a hannu. Yankan kayan miya a zaune, daka a kai inji, ruwa a saya wurin 'yan garuwa in da hali, wanki kala biyar yau biyar gobe. Tafiya a ƙafa kaɗan da yamma in rana ta yi sanyi tana da amfani, kwanciya kullum ma gaɓoɓi take ƙara ɗaurewa. Sannan ka koyi cewa a'a ba tare da dogon bayani ba. Yaya ki yi haƙuri ba zan samu zuwa kamu ba, ranar ɗaurin aure in Allah ya yarda zan leƙo. Ta ji haushi kwana biyu ta huce.

Ibada ma an yi mana sauƙi mu ne ke ƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari ya ce ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Taimama na nan ga wanda ruwa zai cutar. Azumi kuma ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi maganar mara lafiya ƙarara, ramuwa ga mai iyawa, ciyarwa ga wanda ba zai iya ba. Kafin watan ya kama ka je ga likita sannan ka je ga malami da abin da likitan ya ce, kar ka bari sai rana ta goma an kwashe ka. Haƙuri da ƙaddara daban, ɓoye ciwo daban, cewa wayyo ba ya rage lada.

Abin da ya fi ciwon ƙashin ciwo wani lokacin bakin mutane ne. Kullum ke ba lafiya. Raki ne. Ai irinku ba sa daɗewa. Wa zai auri asibiti. Ba kowa za ka tsaya yi ma bayani ba, na nesa ka ce da sauƙi alhamdulillah ka wuce. Amma lallai ka sami mutum ɗaya, ɗaya tal ma ya isa, wanda in ya ce ya jiki za ka iya ce masa yau kam ba daɗi, ba tare da ya fara maka wa'azi ba. In mai sikila ne irinka ya fi, ranar zuwa kilinik ka dubi na kusa da kai a benci ku gaisa ku karɓi lambar juna, ranar 19 ga Yuni ma da ake taron sikila ta duniya wuri ne na haɗuwa. Tunanin dare kuma, wa zai riƙe min yara, ina zan samu kuɗi, ka ba shi lokacinsa da rana, minti goma bayan la'asar ka rubuta shi a bayan littafin, wanda ke da abin yi ka rubuta mataki ɗaya a gabansa, wanda ba ya da shi ka bar ma Allah. In ya dawo ƙarfe biyun dare ka ce masa an riga an rubuta ka. Waya ta kwana nesa da filo, shayi mai ƙarfi da goro a bar su daga la'asar.

In kuwa ka yi sati biyu ko fiye ba abin da ke maka daɗi, abinci ba ya shiga, kuka ba dalili, ko zuciya ta fara raya maka gara ka mutu ka huta, wannan ciwon damuwa ne, ciwo ne mai magani kamar sauran, ba raunin imani ba ne. Ka faɗa ma wani yau ɗin nan, ka faɗa ma likitanka, akwai likitocin wannan fannin, akwai asibitin tarayya na Kware kusa da Sakkwato, zuwa can ba ya nufin hauka.

Kuɗi, a gurguje. Asusu na ciwo daban, ko ɗari biyu ne a rana. Ka je ofishin KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ta Zamfara kuma ZAMCHEMA, ka tambayi yadda ake rajistar inshorar lafiya da abin da take ɗauka. Mai lasifika a kasuwa da ke cewa garinsa na mayar da SS ya koma AA, kuɗinka kawai yake so, wasu jiƙe-jiƙen ma ƙoda suke kashewa. Cikin abin da aka sani yana warkar da sikila akwai dashen ɓargo, an fara yinsa a Najeriya a Benin a 2011, yana da tsada da haɗari kuma sai an sami wanda ya dace.

Ku kuma masu jinya, Inna, Baba, maigida, uwargida, in ya ce yana ciwo ku yarda, ciwon sikila ba ya nunawa a fuska kullum, wani yana dariya yana bakwai. Kar ɗaki ya cika da 'yan sannu, mutum biyu sun isa, sauran a karɓi gaisuwarsu a zaure. Ku raba kwana a asibiti tsakaninku, uwa ɗaya ba za ta yi dare biyar a kan tabarma ba ta faɗi ba. Bayan sallama kuma a ba shi kamar sati yana dawowa a hankali, rabin yini a shago ko makaranta tukun, a mayar da abin da aka cire cikin jaka, a kuma koma ganin likita ranar da aka rubuta a kati ko da jiki ya yi garau.